Yadda Na Dafa Jirgin Sama

Daga Ƙofar Doka har Ƙofar Kuyambana, in za a tara mutanen birni kaf a tambaye su wa ya taɓa dafa jirgin sama, ni kaɗai zan ɗaga hannu. Ban sa itace ba, ban hura gawayi ba, kuma wallahi da kyakkyawar niyya na yi. Amma bari in faro daga bokiti, don daga nan abin ya faro.

A farkon shekarun casa'in na samu aiki a filin jirgi. Lokacin ina da mata da 'ya'ya biyu, na uku yana hanya, kuma na shekara biyu ina zaman kashe wando tun da masaƙar da nake aiki ta rage ma'aikata. Wani kamfani ne mai ɗaukar hoton gonaki da madatsun ruwa daga sama ya ajiye ƙaramin jirginsa a Zariya, suna neman mai wanke shi. A unguwa na ce na shiga harkar jiragen sama. Ban yi ƙarya ba. Bokitin ne dai ban ambata ba.

Kullum da safe sai in hau kekena daga wajen Ƙofar Kuyambana, in ratsa lungunan birni ina ƙararrawa kamar mai rabon wasiƙu, in fita Tudun Wada, in bar Kongo a gefe, in miƙa. Kafin in isa na yi gumin da zai ishi jirgin wanka.

Jirgin fari ne fat, kujeru biyu kacal, fukafukansa dogaye sirara kamar na shamuwa. Sauran jiragen da ke filin duk na ƙarfe ne, jikinsu cike da kawunan ƙusoshi kamar tsohuwar ƙofar zaure. Shi kuwa sumul yake kamar ƙwan da aka ɓare. Ƙuda in ya sauka a kansa sai ya zame.

Wanda ke kula da lafiyarsa wani dattijo ne da kowa ke kira Injiniya. Gajere ne, mai furfura, ya shekara talatin yana tsayawa kusa da injin jirgi, har kunnensa na hagu ya yi ritaya, na daman kuma rabin rana yake aiki. Ga shi Bakano. Ranar farko ya dube ni sama da ƙasa.

"Daga ina?"

"Daga cikin birni, Yallaɓai."

"Wane birni? Birni ai ɗaya ne, kuma can na baro shi."

"To, ai shi ya sa ka zo namu neman abinci."

"Bazazzagi!" Ya tafa hannu. "Allah Ya haɗa ni da aiki. Zo in nuna maka abin da ba za ka gane ba."

Ya jawo aljihun teburinsa ya ɗauko wani gutsuren abu kamar tafin hannu. Fata biyu ne sirara, an saƙa su da zaren gilashi kamar tabarma, an jiƙa da gam har sun sandare, a tsakaninsu kuma wani soso mai tauri. Ya ce da wannan aka yi jirgin tun daga hanci har jela.

"Wato jirgin roba ne," na ce.

"Ka sake cewa roba, ka ga yadda Bakano ke fushi. Duba nan. Ƙarfinsa duk a mannewar nan yake. Muddin fata tana riƙe da soso, giwa ta hau ba abin da zai yi. In suka rabu, kwali ne."

Daga nan ya koya mini wanka. Ni da nake ganin na iya wanka tun ina shekara biyar, ashe wasa nake. Ba a taɓa jikin jirgin da tsumma sai an fara kwarara masa ruwa, don ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga ƙarƙashin tsumma sai ta ja layi daga nan har Funtuwa. Sabulunsa na ruwa ne, mai sanyin da ko jaririn kwana bakwai ba zai yi kuka ba. Garin sabulun wanki haram, kananzir haram, fetur kuwa ko a aljihu kada ya ji warinsa. Murfin gilashin da matuƙi ke leƙowa ta ciki ba a goge shi da kewaye kamar mai wanke faranti, daga sama zuwa ƙasa ake bi, in ba haka ba rana tana haskawa matuƙi zai riƙa ganin zobba a sararin sama. Ƙwarin da ke mutuwa a goshin fiffike kuma, na taɓa sa farce zan kankare ɗaya, Injiniya ya daka mini tsawar da sai da tattabarun rumfa suka tashi. Jiƙaƙƙen tsumma ake ɗora musu a jira su yi laushi, sannan a share su a hankali kamar ana ba su haƙuri.

Na so aikin nan, ba zan ɓoye ba. Duk wata nakan shafa masa kakin goge in murza har in ga haƙorana a jikinsa. Nakan toshe 'yan ƙananan ramukansa don kada zanzaro ya gina gida a ciki, in cire kafin tashi. Matata ta ce hannuna ya fi nata laushi, na ce ai ita tukunya take wankewa. Matuƙin, wani matashi mai fara'a da muke kira Kyaftin, duk sa'ad da zai hau sai ya shafa fiffike ya ce, "Malam, yau ma ango ne." Sai in ji kaina ya yi girman tulu.

Abu ɗaya ne ba wanda ya gaya mini, ni kuma ban tambaya ba: me ya sa yake fari.

Ƙarshen bazara ne, lokacin nan da hadari ke haɗuwa ya yi ta alkawari bai cikawa. Wata iska ta zo ta yaye kwanon rumfar da muke ajiye jirgin, kafintoci suka ce a fitar da shi kada guduma ta faɗo masa. Muka turo shi waje muka ɗaure. Ranar Alhamis da yamma Injiniya ya tafi Kano ta'aziyya, ya ce sai Litinin. Ya bar mini amana da kalma ɗaya: "Ka kula."

Inda muka ajiye shi kuwa hanyar balbelu ce, daga wani rimi zuwa fadama. Ban san me fiffiken hagu ya yi musu ba, amma duk wadda ta zo wucewa sai ta sa masa hannu. Kuma Injiniya ya sha gaya mini kashin tsuntsu yana cin fenti in ya kwana. Ranar Juma'a kafin hantsi ya yi na wanke fiffiken nan sau uku. Ina juya baya su sake. Ga Asabar da Lahadi ba aiki.

To, mu a birni ba ma barin abu mai daraja a buɗe. Keken ɗinki da rigarsa, talabijin da mayafinta mai aiki a baki, babur ana lulluɓe shi da tsohon bargo, tuwo ma ba ya ratsa tsakar gida sai da faifai a kai. Abin da aka bari tsirara, mai shi bai san darajarsa ba ke nan. Na dubi jirgin nan a tsakiyar fili ba ko ƙyalle, sai na ji kunya ta kama ni a madadin kamfani.

Na hau keke na je tasha wurin wani abokina direban babbar mota, na aro tamfol ɗin da yake rufe albasa. Baƙi ne wuluk, mai kauri kamar fatar sa. Na wanke shi tas don kada yashi ya karce jirgi, kun ga ai na yi hankali. Na shimfiɗa shi a fiffiken hagu daga gindi har baki, na ɗaure da igiya, na ja baya na duba. Na tafi masallacin Juma'a ina jin in da ana raba lambar yabo a ƙofa, ni za a fara ba.

Zafin ranar da aka yi Asabar da Lahadin nan, ƙadangaru da gudu suke tsallake titi.

Litinin da hantsi Injiniya ya iso. Na hango shi ya tsaya cak daga nesa, jakarsa a hannu. Ya tako a hankali ya ɗora tafinsa a kan tamfol, ya janye da sauri kamar ya taɓa tanda.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Yallaɓai. Ba sai ka gode ba."

Bai yi tsawa ba, kuma wannan ne ya fara tsorata ni. Da kansa ya kwance igiyar. Muka yaye tamfol, wani zafi mai warin albasa ya bugi fuskokinmu.

"Ka san me ya sa aka yi shi fari?"

"Don kyau."

"Don rana! Fari yana korar rana, baƙi yana shanye ta. Gam ɗin nan in zafi ya wuce masa iyaka laushi yake yi, ya saki abin da ya riƙe. Kwana uku! Bazazzagi, ka dafa mini jirgi."

Na ce, "Yallaɓai, ai rana ne ya yi yawa."

"Rana ce ta yi yawa! Ko a bakin kabari ku ba za ku bambance mace da namiji ba."

Ya zauna a kan bokitina. Sannan ya faɗa mini yadda abin yake, ba ƙari ba ragi. Manajan kamfani zai zo daga Kaduna ranar Laraba, Kyaftin kuma zai tashi Alhamis. Gobe in fiffiken ya huce za a duba shi. In lafiya yake, maganar ta tsaya tsakaninmu, kunnena kawai zai ja. In ya lalace, dole ya rubuta, kuma dole a ce wa ya yi. Manajan nan kuwa ya taɓa korar direba a kan fitilar mota guda.

Muka tura jirgin inuwar wata rumfa. Na koma gida ina tuƙa keke kamar mai ɗauke da gawa. Matata ta ajiye mini tuwo, da ƙyar take sunkuyawa saboda ciki, na ce mata zafi ne ya hana ni ci.

Talata da sassafe Injiniya ya fara da ido. Ya durƙusa a bakin fiffike yana hango tsawonsa ta hasken rana, ko zai ga kumburi ko lotsawa. Babu. Ya bi da tafin hannu. Babu. Sai ya laluba aljihu ya fito da wani tsohon sule, ya miƙo mini alli.

"Biyo ni. Duk inda na gama ka ja layi."

Ya fara ƙwanƙwasa fatar jirgin da gefen sulen, kaɗan-kaɗan, taki bayan taki. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Na tambaye shi me yake nema. Ya ce inda fata ke riƙe da soso, ƙarar a tsaye take fitowa. Inda suka rabu, sai ta mutu.

Ni kuwa na san wannan aikin tun kafin in san alif.

Babana gyartai ne. Ƙwarya yake ɗinkewa da basilla, a wata 'yar rumfa a bakin zaurenmu, haka ubansa, haka kakansa. Mace za ta kawo ƙwarya ta ce tana yoyo amma ba ta ga tsaga ba. Baba ba ya ko kallo. Zai kifa ta a gwiwa ya bi ta da ƙumbar yatsa yana ƙwanƙwasawa, kansa a karkace, har ya tsaya wuri ɗaya ya ce, "Ga ta nan, tana ciki ba ta fito ba tukuna." Tun ina ƙarami yake sa ni in rufe ido in faɗa. In na kuskure, ƙwaryar kaina yake ƙwanƙwasawa ya ce ita ma akwai tsaga. Da robobi suka cika kasuwa sana'ar ta mutu a tsaye, ni kuma na gudu daga gare ta tun da wuri. Ranar da na cika takardar neman aiki, a gurbin sana'ar uba na rubuta ɗan kasuwa.

Haka muka yi ta bin fiffiken, shi da sule ni da alli, tun daga baki. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, kowane wuri garau. Zuciyata ta fara komawa mazauninta. Har muka zo kusa da gindi, kamar taki biyu kafin jikin jirgin.

Ƙwas. Ƙwas. Ɗuf. Ɗuf. Ƙwas.

Injiniya ya wuce.

Bai ji ba. Can nesa wani jirgin yana gwada inji, kuma kunnensa na hagu ne ke wajen fiffiken. Bambancin ma ɗan kaɗan ne, kamar tsakanin kankana nunanna da wadda saura kwana biyu. Ya ƙarasa layin, ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya jefa sulen aljihu.

"Allah Ya rufa maka asiri, Bazazzagi. Je ka mayar musu da bargon albasarsu."

Na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Na ɗauki bokiti na tafi famfo.

Ba zan yi muku ƙarya in ce nan take gaskiya ta motsa mini ba. Abin da ya motsa mini shi ne lissafin bakunan da ke gidana, da shekara biyun nan da na yi ina zama a dakali har dakalin ya san ni. Na ce wa kaina, kai wane ne? Mutum ya yi karatu har ƙasar waje, yana da takardu a bango, ya ce lafiya. Kai ɗan mai ɗinkin ƙwarya za ka ce ba lafiya ba? Na ce wataƙila sulen ne ya zame. Na ce wataƙila wurin haka aka yi shi. Na kawo wa kaina hujjoji sun kai arba'in, kowace da rawaninta.

Sai Kyaftin ya zo wucewa da taswira a hammata, ya shafa fiffiken nan na hagu, daidai kusa da wurin, ya ce, "Malam, jibi za mu leƙa Shika mu dawo. A yi masa kwalliya."

Da azahar Injiniya ya ja mu salla a gefen rumfa. Har yau ban san raka'a nawa muka yi ba. Yana ruku'u ina jin ɗuf, yana sujada ina jin ɗuf. Da ya sallame, kafin ya gama tasbihi na matsa ta wajen kunnensa mai aiki.

"Yallaɓai, ara mini sulen nan."

"Ka fara ke nan. Bazazzagi da aro."

"Zo ka gani."

Na kai shi wurin. Na ƙwanƙwasa gefe, na ƙwanƙwasa tsakiya, na sake. Ya karkato da kunnen dama har furfurarsa tana taɓa fenti.

"Ban ji komai ba."

"Akwai, Yallaɓai. Nan a raye yake, nan a mace."

Ya ɗago ya dube ni. "Wa ya koya maka?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Babana. Gyartai ne."

"Ba ka ce ɗan kasuwa ba ne?"

"Ai a kasuwa yake sayen basilla."

Na jira dariya, don Bakano ya samu irin wannan nama a hannun Bazazzagi, ai sai a shekara ana ci. Bai yi ba. Ya tafi ofishinsa ya dawo da gutsure biyu na irin fatar jirgin, a ido ba ka bambance su. Ya ce ɗaya lafiyayye ne, ɗaya an raba cikinsa da gangan don koyar da ɗalibai. Ya sa na juya baya. Yana ƙwanƙwasawa ina faɗa. Ya sauya hannu, ya maimaita guda ɗaya sau uku don ya ruɗe ni, ya ƙwanƙwasa tebur ma, na ce wannan tebur ne. In na ga dama sai in ce muku sau ɗari muka yi, amma goma ne, kuma ban kuskure ko ɗaya ba.

Ya ba ni sulen, shi ya karɓi alli. Ina bi ina cewa nan, nan, yana ɗigawa, har muka zana iyakar wurin. Bai fi faɗin ƙaramin faifai ba. Ya ɗora yatsa a tsakiya ya ce in buga kusa da shi, ya rufe ido. Can ya gyaɗa kai. Abin da kunne ya hana shi, yatsa ya gaya masa.

"Ka san abin da ka jawo wa kanka?"

"Na sani."

"To."

Ya ɗauko kayan aiki ya yanke fatar wurin a hankali. Ta ɗago kamar ɓawon gyaɗa, ba abin da ke riƙe da ita. A ƙarƙashi kuma sai ga wani tsohon faci da aka yi tun kafin kamfani ya sayi jirgin, an yi shi da rowar gam. Injiniya ya ce wurin da ma rauni gare shi, tamfol ɗina ne ya ƙarasa shi. Na ce to ashe laifin ba nawa ba ne. Ya ce, "Wani ya haƙa rami, kai ka tura jaki ciki. Kada ka yi murna."

Laraba Manaja ya iso, babban mutum cikin babbar riga, makullin mota yana kaɗawa a yatsa. Ya tsaya a kan ramin da ke fiffiken jirginsa, Injiniya yana yi masa bayani, fuskarsa tana ƙara haɗewa. Da ya ji jirgi ba zai tashi ba sai bayan makonni, makullin ya daina kaɗawa.

"Wa ya rufe shi da tamfol?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Tamfol ɗin me?"

"Albasa."

Ya dube ni kamar ni ne albasar. "Ajiye musu bokitinsu. Ka biya ofis ka karɓi takardarka."

Na sunkuya zan ajiye, sai Injiniya ya ce, "Alhaji, dakata in faɗi nawa." Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. "Jiya da safe ni na bi fiffiken nan daga baki har gindi, na ce lafiya yake. Da yau na sa hannu, gobe yaron mutane ya hau. Wannan ne ya ji abin da ban ji ba. Kuma na riga na gaya masa in an samu ɓarna aikinsa ne zai tafi. Da ya yi shiru, ba mai sani har abada, ni ma ban sani ba."

"Amma shi ya ɓata."

"Shi ya ɓata, ni kuma ban taɓa gaya masa illar baƙi ba. Mai wanki in kana so zan tara maka goma kafin la'asar. Kunne fa? In ka kore shi, sai ka sayo mini wani a Kaduna."

Sai daga baya na gane nauyin abin da dattijon nan ya yi. Injiniyan jirgi ya tsaya gaban mai gidansa ya ce kunnensa ya gaza, ai tuwonsa ya ɗora a bakin rijiya. Yana iya yin shiru ya ce shi ya gano, ba wanda zai musa, ni ma ba zan musa ba.

Manaja ya ƙura masa ido. "Wato kana gaya mini ba ka ji ke nan?"

Injiniya ya karkato da kai. "Me ka ce?"

Har yau ban san ko da gangan ya yi ba. Kyaftin, da ke tsaye a baya, ya juya yana tari. Manaja ya yi ƙoƙarin riƙe fuskarsa, ta ƙwace. Ya yi tsaki, ya nuna ni da makulli.

"A rubuta masa gargaɗi. Kuma gyaran nan, duk wahalar da ke ciki shi zai sha."

Na sha kuwa. Kafin a ɗora sabuwar fata sai an goge gefen ramin da samfefa a hankali, ya yi gangare kamar bakin kasko, kuma ni aka ba. Garin zaren gilashi ba ya ganuwa, amma in ya shiga jiki, ƙaiƙayin ƙaiƙayi ne ke koyon aiki a wurinsa. Na yi susa a kan keke, na yi susa a sahu, na jingina da bangon zaure ina gogawa kamar akuya. Maƙwabta suka fara aiko mini da maganin ƙazwa. Ina susa ina godiya, don mai aiki ne ke susar.

Da na ba Baba labari, bai ce komai a kan tamfol ba. Tambaya ɗaya ya yi: da me za su ɗinke? Na ce ba a ɗinkewa, mannewa ake yi da gam. Ya girgiza kai ya ce Allah Ya kyauta, shi dai ba zai zuba fura a ciki ba.

Kayan gyaran suka iso, Injiniya ya shimfiɗa saƙar gilashin ɗaya bisa ɗaya, kowace ta ɗara ta ƙasa faɗi, yana shafa gam kamar mai shafa wa jinjiri mai. Aka bar shi ya sandare, aka goge, aka fesa fari. Ranar da za a sa hannu, ya buɗe littafin jirgi a kan tebur, ya cire murfin biro, sannan ya miƙo mini sulen.

"Je ka tambayo shi."

Na bi facin nan sau uku, na bi kewayensa, na bi fiffiken gaba ɗaya, na tsallaka na dama ma da ba wanda ya aike ni. Na dawo na ce garau. Bai tashi ya duba ba. Ya sa hannu.

A nan ne tsoro na gaskiya ya kama ni. Da, in an yi kuskure, na masu takardu ne. Yau maganata ce a ƙarƙashin biron. Kyaftin ya hau, ya rufe gilashi, farfela ta juya, jirgi ya yi gudu a kan kwalta ya ɗaga, ya yi ta ƙanƙancewa ta wajen Kufena har ya ɓace. Na zauna a ƙasa daɓas.

Injiniya, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta, ya zo da wankakken wandonsa ya zauna kusa da ni a kan tsakuwa. Bai zolaye ni ba, ban zolaye shi ba, abin da bai taɓa faruwa tsakaninmu ba na tsawon minti biyar, balle rabin awa. Yana ta jan carbi, idonsa a sama, yana duban inda ba komai.

Can na tsinkayi wata 'yar ƙara siririya, kamar sauro a ɗaki na uku.

"Ga shi nan yana dawowa, Yallaɓai."

"Ta ina?"

"Ta yamma. Injin lafiya lau."

Ba a ga komai a sama ba tukuna. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa, ya tafi ɗauko katakon da ake tare taya.